Ranar da Kwamfutata ta Kai Ƙarata Wurin Surukina

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Gaya, ranar kasuwar Ajingin nan ba za ta fita daga raina ba. Har yau idan na ga lasifika a bakin shago sai na tuna da ita.

A lokacin ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya a hannu. Na cire manhajar da ta zo da ita na ɗora irin wadda ake bayarwa kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke haɗa ta. Ina alfahari da ita ƙwarai, sai dai tana da aibi. Kowace na'ura da ke jikin kwamfuta tana buƙatar 'yar ƙaramar manhajar da za ta sa a gane ta, ita ake kira direba. To, ni bulutut ɗina, wato abin da ke haɗa kwamfuta da wasu na'urori ba tare da igiya ba, ba shi da direba, makirfon ma haka. Suna nan a jiki amma kamar babu su.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan shi ne abokina, wani Babarbare mai shagon cajin waya da sayar da lasifika a kasuwar Ajingi. Ni kuwa Bafulatani ne, don haka tsokana tsakaninmu gado ce. Duk sanda ya gan ni da kwamfutar sai ya ce, "Bawana, har yanzu motar taka ba ta samu direba ba? Ka kawo mu ɗaura mata sa ya ja ta."

Sai ga sabuwar fitowar manhajar. Na karanta bayanin da suka fitar, na ga an ƙara direbobin na'urori da yawa, har da irin nawa. Na sauke, na ɗora, na kunna. Alamar bulutut ta fito a kusurwa, makirfon ya fara motsi idan na yi tari. Ban iya haƙuri ba. Ranar kasuwa na hau babur na nufi Ajingi don in rufe bakin Babarbare.

Akwai kuma wani dalili da ban faɗa wa kowa ba. Matata ta je gida wankan jego, an yi arba'in an wuce, amma shiru ba a ce ta dawo ba. Mahaifinta dillalin gyaɗa ne a kasuwar, mutum mai kwarjini, ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Na aika ƙanena, na aika kawuna, amsar dai ɗaya ce: "Sai an ga hali." Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Na isa shagon na buɗe kwamfutar ina nuna wa abokina. Ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce, "To ai ga alama. Wa ya san ko tana aiki?" Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Ya ce in je in yi, shi zai tsare shago sai na dawo ya tafi. Na bar masa kwamfutar a buɗe. Yanzu idan na tuna sai in ce ni na kai kaina.

Da na dawo ya ce in shiga ƙuryar shagon in huta, ya tafi masallaci. Ƙuryar nan bangonta ɗaya da janareta, idan kana ciki ko ganga ake bugawa a waje ba za ka ji ba. Na ga ni kaɗai ne, na ce bari in gwada makirfon, in kuma yi bitar abin da zan faɗa wa surukina idan Allah ya ba ni ƙarfin hali. Na danna ɗaukar murya.

Da ladabi na fara. "Baba, dama cewa na yi ko za a taimaka a bar ta ta dawo." Sai na ji abin ya yi mini daɗi, na sake jiki. Na yi gyaran murya sau biyu irin nasa, na kumbura murya na ce, "Sai an ga hali." Na koma tawa muryar na ce, "Haba Baba, wane hali kuma? Ni ga halin da nake ciki, garin kwaki ya fara gane ni. Matata ce fa, ba buhun gyaɗa ba ce da za a ajiye sai ta yi tsada."

Na danna don in saurara. Layin sauti yana ta tsalle a allo, amma ko ƙis ban ji ba. Raina ya ɓaci. Na ce wato sun gyara makirfon sun ɓata direban lasifika. Na ƙara ƙarfin sauti na sake kunnawa. Shiru. Na kai shi ƙarshe na sake. Shiru. Har na buɗe dandalin masu haɗa manhajar na fara rubuta musu ƙorafi da Turancina mai zafi.

Nan Babarbare, da ya riga ya dawo daga masallaci, ya leƙo, idanunsa sun yi ja, yana goge su da hannun riga. Na ɗauka hayaƙin janareta ne. Na gaya masa matsalar. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ƙila direban ne bai gama farkawa ba. Ƙara kunnawa mu gani."

Na ƙara.

Ashe tun ina masallaci ya haɗa kwamfutar da babbar lasifikarsa ta bulutut mai batir, wadda ke bakin shago tana fuskantar layin 'yan gyaɗa. Direban da nake zagi aikinsa yake yi tsaf, ba tangarɗa. Daga baya ya rantse mini cewa shi niyyarsa kawai duk abin da na kunna ya fito waje in ruɗe, bai san abin da zan ɗauka ba. Amma da ya ji, bai kashe ba. Shi ma ƙara ƙarfi ya yi.

Ban san halin da ake ciki ba sai da janareta ya mutu, sai na jiyo muryata daga waje tana cika kasuwa: "Ba buhun gyaɗa ba ce." Sannan na ji dariyar jama'a. Sannan kuma, a daidai ƙofar ƙuryar, na ji gyaran murya sau biyu, kuma wannan karon ba daga lasifika ba ne.

Na zube ƙasa ban san sanda na cire hula ba. Surukina ya tsaya yana kallona, fuskarsa ba fushi ba fara'a.

"Malam," ya ce, "kai ne a rediyo?"

"Baba, direba ne..."

"Direban wace mota?"

Babarbare ya faɗi kan benci yana riƙe ciki. Ni kuwa na rasa ta inda zan fara bayanin manhaja ga mutumin da rabin kasuwa ta ji na kwaikwaya. Ya bar ni na gama kame-kamena, sannan ya ce, "Ka aiko ƙanenka, ka aiko kawunka. Su ne suka aure ta? Ni jira nake ka zo da bakinka. Ban dai zaci da lasifika za ka zo ba."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Tarin nawa ka iya shi. Amma ka zo gida bayan la'asar ka maimaita maganar farko, mai ladabin. Ita ce ban ji sosai ba, mutane suna dariya."

Na je. Na durƙusa a zaure na faɗi abin da ya kawo ni, ya saurara har ƙarshe kamar bai taɓa ji ba. A satin matata ta dawo Gaya da jaririnmu da ƙullin gyaɗa. Ta shigo ta ajiye kaya ta dube ni ta ce, "Sannu da garin kwaki." Labarin ya riga ta isowa har unguwarmu, ɗalibaina ma sun daɗe suna gyaran murya sau biyu idan na shiga aji.

Ƙorafin da na fara rubuta wa masu manhajar na goge shi, na rubuta musu godiya a madadinsa. Na ce bulutut yana aiki a irin kwamfutata, an gwada shi a gaban shaidu masu yawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan ka yi magana ba ka ji amsa ba, kada ka yi saurin cewa na'ura ce ta lalace, ka fara duba inda muryarka take fita. Maganar da ta zama dole ka faɗa wa mutum kuma, ka tashi ka je ka faɗa masa da kanka tun tana tsakaninku biyu, kafin abokin wasanka ya taya ka isar da ita.