Ruwan da Kawu Ya Ba Furannin Tudu

Shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi da tutoci ina aji na biyu a kolej. Karatun guntu-guntu muke yin shi. Mako biyu a aji, mako uku a gida. Yau malamai ke yajin aiki, gobe manyan ɗalibai su zo da usur su fiddo mu. Sauran yara murna suke. Ni kuwa aji ne kaɗai wurin da ake barin mutum ya yi shiru ba a tambaye shi ko lafiya.

Malamin da ke koya mana ilimin halittu, Mushe muke ce mashi kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, siriri ne, kullum da ƙasa a ƙarƙashin farcensa. Wata rana ya sa mu zana ganyen wake. Da ya dawo da kayenmu, littattafan da muke rubutu a ciki, ya tsaya a kaina ya ce duk ajin ni kaɗai na zana hudar da tsutsa ta ci. Na ɗauka faɗa ne, na sunkuyar da kai. Ashe neman wanda zai riƙa yi mashi awo yake.

Da damina ta faɗi, wata Asabar ya kwashe mu mu biyar zuwa Tsibiri. Bayan gari akwai wata saura a tsakiyar gonakin hatsi, rairayi ne zalla, an daɗe ba a nome ta ba. Ya durƙusa ya nuna mana wani tsiro da bai kai kamu ɗaya ba, ganyensa siriri kamar na albasa, furensa ja-ja mai duhu, leɓensa na ƙasa ya zazzago kamar harshen ɗan akuya. Ya tone gefe da yatsa muka ga tushen, dunƙule kamar ƙaramin dankali. Ya ce a littafi orkide ake ce mashi. Wani tsoho da ke wucewa da kalmensa na noma ya leƙo ya ce su dai ciyawa suka sani.

Asabar ta gaba muka je Jiratawa, garin su innata. A gindin itatuwan bakin gulbi, inda laka ba ta bushewa sosai, ga furen nan sak, leɓe da launi duk ɗaya. Sai dai wannan ya kai mani ƙugu, ganyensa faffaɗa kamar na dawa.

Mushe ya ce ƴan'uwa ne, kakansu ɗaya. Tun can da iska ta watsa irin, wasu suka faɗa rairayi, wasu laka. A rairayi waɗanda suka iya kwana wata takwas ba ruwa su ne suka rayu suka bar ɗiya, ɗiyan suka gaji halin. Haka yake zato. Amma yana yiwuwa kuma ba gado ba ne, ƙasar ce kawai ke hana na tudu tsawo, in aka kai shi fadama ya miƙe kamar ɗan'uwansa. Ba wanda ya taɓa dubawa. Hanyar sani ita ce a dasa su wuri guda a jira damina uku. In suka ci gaba da bambanta, to abin a cikin iri yake.

Ya koya mani abu ɗaya da har yau hannuna ke tunawa. Ka sa tsinken tsintsiya cikin furen a hankali ka jawo, sai ya fito da wasu ƙwayoyi biyu rawaya manne a kansa, kamar idon fara. Su ake kai wa wani furen. Ya so ya haɗa na tudu da na fadama ya ga abin da za su haifa. Amma irinsu gari ne kamar toka, ba ya fita a tukunya ko a fili. Tushen nan kaɗai ake iya dasawa.

Da kaka ta yi, mai saurar ya aiko cewa baɗi zai nome ta. Ƙannensa biyu ma'aikata sun dawo gida, kowa na neman inda zai shuka abin da zai ci. Mushe ya je ya tono duk abin da ya gani, guda goma sha huɗu, ya zo da su cikin kwali. Lakwal ba katanga, awaki ke kwana a ajinmu lokacin yaji. Gidan da yake haya a Sabon Gari ko wurin shanya babu. Ni ce na buɗe baki, abin da ban saba ba, na ce kawuna yana da fili a Jiratawa.

Kawu, yayan innata, ya karɓe mu kamar mun zo da amarya. Ya ba Mushe gefen filinsa, kusa da tattasai. Aka yi kunya biyu, ɗaya ta na tudu, ɗaya ta na fadama da muka tono a bakin gulbi, na rubuta lambar kowane tushe a kayena. Kafin mu tafi Mushe ya ce da kawu a bar kunyar na tudu a bushe har damina. Kawu ya yi dariya ya ce to, to, Allah ya kai mu. Washegari aka shiga wani dogon yajin aiki, Mushe ya tafi Yamai wajen taron ƙungiyarsu. Abin da ya bar mani shi ne in riƙa leƙawa, kada ruwa ya taɓa su, domin barci suke, jiƙa na ruɓar da su.

A Jiratawa inji ne ke jawo ruwa daga rijiya ya zuba a kanal, magudanar da ke ratsa filaye, kowa da ranarsa. In ranarka ta zo maƙwabcinka ba ya nan, kai za ka fasa mashi bakin kunyarsa. Ba a wuce busasshen wuri da ruwa a hannu. Wanda aka ga gefen filinsa ya tsattsage, sai an yi da shi a bakin masallaci. Shekarar kuma wuta na yawan ɗaukewa, injin ya kwana biyu bai tashi ba, ruwan ya zama abin faɗa.

Lahadi ta uku da na je, tun daga nesa na ga ƙasar kunyar ta yi baƙi.

Kawu na tsaye da kalme, wandonsa a naɗe. Ya ce in zo in ga kayan malamina, ko tattasansa bai sha kamar su ba. Na gaishe shi na sake gaishe shi. Sannan na ce, ina kallon yatsun ƙafata, Mushe ya ce kada a ba na wannan gefen ruwa.

"Ƴar lakwal ke nan," in ji shi. "Malaminku kunya gare shi, ɗiyata. Ya ga ruwan na wuya, ba ya son ya ɗora mani nauyi. In baƙo ya ce ya ƙoshi sai ki ɗauke kwano?"

"A'a, Kawu. Barci suke."

"To wa ya ce mai barci ba ya jin ƙishi?"

Mutanen da ke filin gaba suka yi dariya, ɗaya ya ce a ba ni kalmen tunda yanzu mulkin kowa da bakinsa ake. Ina da sauran magana. Na san kalmar ruɓa, tana nan a bakina. Amma wannan mutum ya shekara talatin yana ban ruwa, kuma daga rabonsa ya ɗiba ya ba baƙo. Na ce to.

Da ya juya na ɗebi laka na toshe bakin kunyar, na daddanna da dunduniya. Lahadi ta gaba na tarar an buɗe, an ma gyara shi da kyau. Kawu ya ce gefen ne ya rufta, Allah ya sa ya lura da wuri. Na sake toshewa sau biyu. Na faɗa wa innata ta yi mashi magana, ta ce in rufa mata asiri, ba za ta je ta koya wa yayanta noma saboda ciyawa ba. Mushe ba shi da adireshin da na sani. Na riƙa rubutawa a kaye dai: Lahadi, ƙasa a jiƙe. Lahadi, ƙasa a jiƙe.

Sai da bazara Mushe ya dawo, ya ƙara ramewa. Muka je tare. Na fadama sun fara huda ƙasa, kore shar. A ɗaya kunyar ya sa yatsa ya tono na farko, ya fashe a hannunsa kamar dafaffiyar kabewa, wari ya taso. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha huɗu, ni ina riƙe da kaye ban rubuta komai ba. Na tara ya yi kamar da sauran tauri a gefe. Ya juya shi, ƙasansa baƙi.

Kawu ya iso yana share hannu, ya tambaya ko sun kama. Na jira in ji abin da Mushe zai ce. Mushe ya goge yatsunsa a wando, ya rusuna ya yi mashi godiya, ya ce ya ga an sha wahala da su, Allah ya saka da alheri, waɗannan dai ba su yi ba. Kawu ya ce wutar nan ce ta cuce su, da injin na tashi kullum da ba su mutu ba.

Bayan ruwan farko muka koma Tsibiri mu biyu. Saurar ta zama gona, hatsi ya fito layi-layi har bakin hanya. Muka bi iyakokin gonaki, gindin kalgo, bayan maƙabarta, har rana ta take, ba mu ga ko tsiro ɗaya ba. Na tambaye shi, tunda na fadama sun sha ruwan sun rayu, na tudu sun sha sun mutu, ashe ba amsa ba ce? Ya ce rabin amsa ce. Sau ɗaya ba ya zama shaida, sai an maimaita, kuma babu abin da za a maimaita da shi. Bai tambaye ni ko na faɗa wa kawu ba. Da ya tambaya da na fi jin sauƙi.

Shekarar karatun aka soke ta gaba ɗaya, kowa ya maimaita ajinsa. Da aka koma Mushe bai dawo ba. An ce wani alhaji ya ɗauke shi yana raka motocinsa zuwa iyaka. Na hango shi sau ɗaya a tasha, a gaban babbar mota, ban iya ɗaga hannu ba.

Na fadama suna nan a gefen filin kawu, sun yaɗu har suna cin wurin tattasai. Matarsa ta ce a cire su, ya hana, ya ce amana ce, malamin zai zo. Duk ranar ruwansa su yake fara ba. In na je yakan tsinko mani ɗaya ya ce in kai lakwal in nuna, in karɓa in ce na gode.