Ranar Da Kotu Ta Rufe Gidana Ina Riyadh

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranar da kotu ta rufe gidana ba za ta fita daga raina ba. Lokacin shekarata tara ina aikin jinya a wani asibiti a Riyadh. Ranar hutuna ce, ina kasuwar Al-Aziziya ina cinikin tumatir, sai yayana ya kira ni daga Kano. Ya ce an manna takardar kotu a ƙofar gidan da na saya wa Inna. Ashe da sunan wanda ya sayar mini wani babban ma'aikacin gwamnati yake ɓoye dukiya. Kotu ta riƙe duk gidajen layin, ta ce wanda yake da'awar nasa ne ya nuna inda ya samo kuɗin, in ba haka ba gwamnati ta ƙwace.

Inna ta gaji da haya, har ta fara ɗaure kaya don tarewa a sabon gidan. Yaya ya ce gara a nemi wani babba ya sa mana baki.

Na ce, "Yaya, bar maganar manya. Ni na san inda kuɗina suka fito. Lauya kawai za ka samo mini."

Washegari na tafi ofishin albashi. Dattijon Balaraben da ke wurin ya saurare ni, ya buga mini takardun albashina na shekara tara, ya bi kowane shafi da hatimi. Ina da wata ɗabi'a da abokan zamana suke mini dariya a kanta: duk kuɗin da na tura gida, sai na adana rasit a kwalin dabino. Ran nan babu wadda ta yi dariya. Na haɗa da kwantiragina da iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, na aika wa lauya.

An yi wata huɗu. Lauya ya ce alƙali ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lauyan gwamnati ko yana da ja, ya ce babu. Aka sakar mini gidana, Inna ta tare. Sauran gidajen kuwa, babu wanda ya leƙo kotu ya ce nasa ne.

Har gobe ina goyon bayan wannan doka ta ƙwace dukiyar da ba a san tushenta ba, duk da ta wahalar da ni. Abin da na koya shi ne, ki nemi halalinki, sannan ki ajiye shaidarsa. Ranar da aka tambaye ki, ba sai kin roƙi kowa ba.