Shaidar da Na Bayar a Kan Mai Fiyanonmu

A shekarun casa'in ina saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ɗan ladanin unguwarmu a Dutse, kuma ɗaya daga cikin samari huɗu da ba a yin biki mai suna sai da su. Ba zan faɗi sunan ƙungiyarmu ba, amma duk wanda ya yi samartaka a lokacin ya san mu: shadda iri ɗaya, hula iri ɗaya, taku iri ɗaya. Akwai jagoranmu mai zaƙin murya da son a gan shi, akwai mai ganga ɗan Buji wanda iyayensa makiyaya ne, akwai ni mai amshi, sai mai fiyano. Shi Kirista ne, aikin gwamnati ya kawo mahaifinsa Dutse bayan an ƙirƙiro jiha. A coci ya koyi kiɗa, kuma shi ya koya mana raba murya, wani ya hau sama wani ya sauka ƙasa, abin da ba a saba ji ba a garin. A shagon gidan da suke haya muke gwaji. Gaskiyar da ba ma faɗa ita ce, in aka cire shi, mu ukun masu ihu ne kawai cikin kaya masu kyau.

Mun ci zamaninmu, ba ƙarya. An ɗauke mu zuwa Aujara, an kai mu Kafin Hausa, yara suna bin motarmu da gudu. Amma tun kafin shari'a ta zo kasuwarmu ta fara ja baya. Kaset ɗin waƙoƙin fim ya cika gari, 'yan mata suka koma son muryar mace da namiji suna ba juna amsa, mu kuwa gardawa huɗu ne. Jagoranmu ya fara zuwa gwaji a makare, yana cewa don shi ake zuwa kallo. Da aka ƙaddamar da shari'a sai gayyata ta ɗauke kusan gaba ɗaya, iyaye suka koma walima da wa'azi. Ban taɓa jin haushin wannan ba, domin ni ma a gidanmu murna aka yi. Abin da har yau yake ƙona min rai shi ne abin da muka yi da bakinmu.

Wani mai aurar da ɗa a wata unguwa ya nace sai mun yi masa wasa bayan la'asar, muka je. Ana cikin waƙa samari suka kaure da faɗa a kan wurin rawa, aka fasa wa wani kai. Washegari mai unguwa ya aiko a kira mu tare da iyayenmu, a gaban liman da dattawa. Kafin ranar zaman jagoranmu ya same ni a ƙofar gida, ya ce hanya ɗaya ce ta fita: mu ce mai fiyano ne ya ja mu cikin harkar, shi yake karɓar gayyata, shi ya ce mu rabu da maganar malamai. Ya ce ai shi mai fiyano ba abin da zai same shi tunda dokar ba ta hau kansa ba, mu kuwa sunan gidajenmu ne zai ɓaci. Ya kuma ce lallai ni zan faɗa, don an san ɗan ladan ba ya ƙarya. Na san jagoran ne da kansa ya karɓi gayyatar nan, na kuma san mai fiyano ya roƙe mu kada mu je. Duk da haka na ce to.

A zauren mai unguwa ba wanda ya daka min tsawa. Liman ma cewa ya yi ba don hukunci aka taru ba, nasiha ce, kowa ya faɗi gaskiya. Na kalli mahaifina yana zaune kansa a sunkuye, na buɗe baki na zuba ƙaryar tsaf, har da ƙarin da ba a sa ni ba: na ce waƙoƙin coci yake cusa mana a ɓoye. Da aka tambayi mai fiyano, sai ya dube ni ya ce fiyanon dai nasa ne, sauran kuma abokinsa ya riga ya faɗa.

Dattawa sun kashe maganar a ranar, amma ƙarin nan da na yi ya riga ya fita gari. Kafin mako ya zagayo mai gidan da su mai fiyano suke haya ya ce yana bukatar gidansa. Masu sayen kayan miya a wurin mahaifiyar mai fiyano suka ɗauke ƙafa. Mahaifinsa, mutumin da ya yi shekaru yana gaisawa da kowa, ya nemi canjin wurin aiki. Ranar da ake loda kayansu mahaifiyarsa ta aiko in zo mu yi sallama, na ce a ce ba na nan.

Daga nan ƙungiya ta watse. Mai ganga ya koma kasuwar shanu, kuma tun daga ranar zauren nan bai sake miƙo min hannu ba. Jagoranmu kuwa, wanda ya yi ta kuka a gaban dattawa yana cewa ya tuba, shekara ba ta cika ba ya samo wani mai fiyano daga Kano ya shiga yi wa 'yan siyasa waƙa. Da waɗanne karin waƙa? Da na mutumin da muka kora! Kalmomi kawai ya sauya. Duk sanda na ji a lasifika sai in ji kamar in fasa ta, sai kuma in tuna wa ya share masa hanya.

Bayan shekaru da yawa na samu lambar mai fiyano na kira shi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce jagoran bai taɓa ba shi mamaki ba, don haka bai riƙe shi ba. Ni ma ya ce ya yafe. Sai ya ce abu ɗaya yake so in sani: mahaifiyarsa har ta rasu ba ta yarda a zage ni a gidansu ba, kullum cewa take yaron nan tilasta shi aka yi. Ya tambaye ni ko haka ne. Na ce a'a.

Shi ya sa nake jin haushin masu cewa shari'a ce ta kashe ƙungiyarmu. Shari'a ba ta ce in yi shaidar zur ba, hana ni ma ta yi. Tsoro ne da son a ce ni na kirki ne. Samari, in kuka haɗu a kan sana'a, ranar da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi, ku lura da wanda ake nunawa: kusan kullum wanda ba shi da dangi a garin ne. Kada ku wanke sunanku da nasa. Ni na wanke nawa, har yau ana gaishe ni da mutunci a Dutse, kuma mutum ɗaya tilo da ta tsaya tana kare ni da zuciya ɗaya ita ce wadda na raba da gidanta.