Ɗurar Akawal a Shekarar Jar Dawa

Kwanan baya, a wata tasha tsakanin Doso da Gaya, na tsaya shan shayi sai iska ta kawo mini warin dussa da aka jiƙa da ruwan kanwa. Wata mata ce ke dama wa tumakinta. Shayin nan ban ƙarasa shi ba. Ni da na tuƙa kamyo, babbar motar kaya, har Lome da Kwatano, na ci abincin da ban san sunansa ba, sai ga warin dussa ya zaunar da ni kamar tayar da ta sace.

Gyara zama ka ji. A unguwar Gamkalle ta Yamai na tashi, gidan kakana na wajen uwa, wanda muke ce wa Baba Tsoho. Mutumin Tawa ne. Ya daɗe a Yamai har Zabarmanci ya zauna masa a baki, amma bai yarda ya rabu da doki ba. Yana da garka a bakin gulbi, da sharet, wato amalanke, ta kai salati kasuwa, da wani akawal, baƙi wuluk, mai mugun hali. Dokin nan babu wanda bai ciza ba a gidanmu. Ran da ya kama ni a kafaɗa, ina ihu, Baba Tsoho ya ce in yi shiru, gaisuwa ce, ba kowa yake yi wa ba.

Sai fari ya zo. Gulbi ya janye ya bar yashi, garka ta ƙone. Mutanen daji suka cika sansanin masu gudun yunwa na Lazare, ba shanu ba raƙuma, sai tabarmi da tari. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki. Kawuna, ƙanen uwata, saurayi ne mai baki kamar rediyo, bai san lokacin ya canza ba. A layin rabon hatsi ya yi wa wani soja ba'a, mutane suka yi dariya. Nan take aka jefa shi mota. Da aka maido mana shi, bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa, haƙoran gaba babu, rediyo kuma ta mutu. Ko uffan. Hannuwansa rawa suke yi, kwanon ruwa ma ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je likita. Shiru.

Wata safiya Baba Tsoho ya ce, "Ku ba ni shi. Doki za shi yi ma ɗura."

In ba ka san ɗura ba, ga yadda take. Ana haɗa dussa da dakakkiyar dawa da ruwan kanwa, a cura kamar fura. Sai ka ɗaga leɓen doki, ka tura hannunka ta gefen baki, inda babu haƙori, ka ajiye curin can kan harshe. Doki ta hannu yake karanta mutum. Hannu mai natsuwa ya bar shi ya fita, hannu mai rawa ya datse shi.

Kakata ta ce, "Ka rasa maganin da za ka yi wa yaro sai ka ba dabba yatsunsa?"

Ya ce, "Soja sun ci rabonsu. Bari doki shi ɗanɗana."

Ya kuwa ɗanɗana. Ranar farko jini har gwiwar hannu. Baba Tsoho ya yage tsumma ya ɗaure, ya sake tura masa ƙwaryar. Na ɗauka tsohon nan ba shi da imani. Amma a hankali cizon ya ragu. Hannun da ke rawa a ko'ina, in ya shiga bakin akawal sai ya tsaya cak. Daga baya ya fara tsayawa ko a waje. Kawu ya koma cin tuwo da kansa. Da hantsi za ka gan su a turke, doki ya jingina goshi a ƙirjinsa, shi kuma yana cire masa kaska. Magana dai babu.

To, dawar ɗurar daga ina? Daga rabonmu, jar dawar nan ta taimako mai sa ciki kuka. Ana cewa a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Baba Tsoho ya ce ashe mu ne muke cin haƙƙin doki. Ni abin bai ba ni dariya ba, don kowane curi daga malmalata aka gutsure shi. Kakata da ta fi kowa faɗa, ita ce ta fi kowa rage nata.

Wani ya kai ƙara. Har yau ba mu san ko wane ne ba. Bayan azahar mota ta tsaya ƙofar gida, sarzan da yaransa suka shigo ba sallama.

Sarzan ya ce, "Wa ke ba dabba hatsin gwamnati, mutane suna mutuwa a Lazare?"

Tsakani da Allah, tambayar ba ƙarya ba ce. Baba Tsoho ya ce, "Rabona ne, ɗana. Cikina na hana. Magani nika yi."

Da gindin bindiga aka ba shi amsa. Tsoho ya faɗi, rawani ya warware, suka bi shi da takalmi a haƙarƙari. Na ji ƙarar abin da ya karye. Kakata ta faɗa kansa, aka wurgar da ita jikin randa. Sannan suka nufi turke, inda kawu yake tsaye, hannunsa cikin bakin doki. Wani soja ya shure ƙwaryar, ya fizgo kawu ta wuyan riga, ya kwance bel ya fara zuba masa a kan tsofaffin tabo. Kawu ya dunƙule a ƙasa, ko kuka babu.

Akawal ya yi wata haniniya da ban taɓa ji ba. Ya miƙe tsaye, igiya ta tsinke. Ya kama sojan nan a kafaɗa, ya ɗaga shi, ya girgiza kamar kare ya samu tsumma, ya maka shi da katanga. Sarzan ya harba. Harsashi ya samu akawal a ciki. Doki ya faɗi amma bai mutu ba. Yana haƙar ƙasa da kofato, hanji a waje, yana wani gurnani kamar mutum. Suka ciccibi nasu mai jini suka fita. Sarzan ya waiwayo ya ce a bar shi haka, unguwa ta gani.

Kawu ya tashi. Ya dubi kakata ya ce, "Inna, ba ni wuƙa."

Muryar kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Kakata ta daskare. Ga maganar da ta yi ta roƙon Allah, ga kuma abin da maganar ta nema, motar soja ko kwana ba ta sha ba. Baba Tsoho daga kwance, jini a gemu, ya ce, "Ba shi."

Ta miƙa masa. Duk muka zuba wa ƙofar gida ido, amma ba can ya nufa ba. Ya durƙusa, ya juya kan akawal gabas, ya rufe masa ido da tafin hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya yanka. Jinin ya gangaro har ƙafafuna, da ɗumi.

Mu ba ma cin doki. Malamin unguwa ya zo, ya duba, ya kau da kai, bai ce a ci ba, bai ce a bari ba. Labari ya kai Lazare, mata suka zo da kwanoni. Kafin magariba babu abin da ya rage a turke sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Haƙarƙarin Baba Tsoho bai koma daidai ba, da tari ya cika. Kawu kuwa baki ya buɗe. Ya yi aure, ya sayar da albasa a kasuwa har tsufa, surutu har matarsa tana roƙonsa ya huta. Doki dai bai sake taɓawa ba.

Yanzu ka zaga Gamkalle gida gida, inda turke yake moto, wato babur, za ka tarar. Bara wani yaron maƙwabta ya dawo daga bakin daga, lafiyar jiki lau, amma ya daina magana. Uwarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Alhaji, kai da ka zaga duniya, ba ka ga wani magani ba?" Na buɗe baki, na dubi layinmu daga wannan kai zuwa wancan. Sai na ce mata Allah ya ba shi lafiya.