Almu, Sun Goge Sanarwar Rasuwarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran ɗan yayata, Almustafa, wanda kowa ke kira Almu, a wani asibiti kusa da unguwar Woolwich a birnin Landan. Ciwon sikila da ya yi ta fama da shi tun yana goye ne ya zama ajalinsa, yana da shekara ashirin da huɗu. Ni Jamilatu, ƙanwar mahaifiyarsa Hansai, ni ke wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Almu, ka san guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Arewa mazauna wannan yanki. Ko kakar maƙwabcin wani ce ta rasu a Gusau, kafin ruwan shayi ya tafasa an cika waya da "Allah Ya jiƙan Musulmi". Ta nan muke jin inda za a yi jana'iza, ta nan maza ke neman izinin barin aiki su zo su cika sahu. A garin da kowa ke sauri ya kama jirgin ƙasa, in ba a sa ka a guruf ba, to ba wanda zai zo. Na rubuta sanarwarka da hannuna. Ba a jima ba mai kula da guruf ɗin ya goge ta.

Na kira shi. Dattijo ne da ya sha cin tuwo a falon uwarka a Plumstead. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mutane sun yi complain. Kin dai san abin da aka ce a kan yaron."

Na sani. Shekara uku da suka wuce ka rubuta a wani shafi na sirri, wanda ka ɗauka abokai ne kaɗai ke gani, cewa kai zuciyarka ga maza take karkata, kuma ka gaji da ƙarya. Wani ya ɗauki hoton rubutun ya jefa a guruf. Kafin la'asar ya isa Kano, ya isa Jidda, ya dawo mana da sharhi. Masu aikawa kowa da "a'uzu billahi" a sama, kamar wannan ne zai wanke musu hannu. Aka daina amsa gaisuwar Hansai a kasuwar Woolwich. Kai kuma ka rufe kanka a ɗaki, ka daina cin abinci, ka rame har wuyan rigarka ya yi maka yawa. Sai da likitan ƙwaƙwalwa ya sa hannu kafin ka dawo hayyacinka.

Na zaci daga nan za ka jefar da wayar da ta jawo maka wannan. Sai ka buɗe wani guruf da ita, ka sa masa suna Inuwa. Ka tara yara irinka: masu son jinsinsu, da waɗanda ba su taɓa jin daidai a cikin kayan da aka ce su ne nasu ba. Yawancinsu 'ya'yan gidajenmu ne, daga Catford har Manchester, kuma akasari ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Ka koya musu yadda ake toshe lambar mai zagi, da yadda ake zuwa wurin likita a faɗi abin da ke damun mutum ba tare da kunya ba. Doka ɗaya ka kafa, ba a ɗaukar hoton maganar kowa.

Kuma kullum da safe sai ka aika musu tambaya guda: "Kun ci abinci?" Na sha tsokanarka, na ce kai da ba ka iya dafa ko taliya ba ka zama uwar gida. Ka yi dariya ka ce, "Anti, wanda ya daina cin abinci, shi ne wanda zan yi wa call." Ko kana kwance a asibiti da ƙarin ruwa a hannu, da ɗaya hannun kake aikawa. Wata yarinya, Afrah, ta gaya mini da bakinta cewa akwai ranar da ta ji ta gama da duniya. Ba ta amsa tambayarka ba, ka kira ta, ka ƙi ajiye waya har ta sa takalmi ta isa asibiti da ƙafarta. Yanzu tana shekarar ƙarshe a karatun jinya.

Ni ba malama ba ce, kuma ban zo yanke hukunci tsakaninka da Ubangijinka ba. Abin da na sani shi ne kana salla, kana azumi in ciwo ya bar ka, kuma kalmar shahada ce ƙarshen abin da na ji daga bakinka. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa wanka da salla da rakiya haƙƙin mamaci ne a kan masu rai. Ban taɓa jin an ce sai an duba wayarsa tukuna ba.

Abin da ya fi ci mini rai uwarka ce. Hansai ba ta nemi kowa ya kawo mata ko ƙwayar shinkafa ba. Tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa, wayarta a tafin hannu: "Jamila, wa zai sallaci ɗana?" Mahaifinka ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwa suna gida. Mijina Zulkiflu ne kaɗai namijin da muke da tabbacinsa. Tsoronta kada a ɗauke ka daga masallaci da liman da mutum ɗaya a bayansa.

Afrah ce ta sanar a Inuwa. Ranar Alhamis bayan azahar muka hau benen masallaci wajen mata, Hansai ta ƙi leƙawa ƙasa, ta ce in duba mata. Na ga samari suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da jakar makaranta, wasu da rigar aiki, suna kallon juna don ba su san juna ba sai da suna. Ka san abin da zuwan nan yake nufi gare su, duk wanda aka gani a jana'izarka za a iya ɗaukar hotonsa shi ma. Suka zo duk da haka. Wani mai suna Hamdan ya taya Zulkiflu yi maka wanka. Matiyu, ɗan coci ne daga Plumstead, ya tsaya a ƙofa har aka idar, sannan ya sa kafaɗa aka ɗauke ka. Limamin bai tambayi komai ba sai sunanka. Na ce, "Yaya, taso ki gani, sahu ya wuce uku." Sai a lokacin ta yi kuka.

Yanzu ga mutanenmu sun fara sallama ɗaya-ɗaya, suna cewa, "Wallahi ba mu samu labari ba." Ku daina rantsuwa. Kafin a goge sanarwar na danna na ga sunayen waɗanda suka karanta ta. Ba zan yaɗa ba, don Almu ya hana irin wannan. Amma ku sani kuna da 'ya'ya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsaya a sahun nan daga gidajenku suka fito. Kada ku tambaye ni ko su wane ne.

Ya Allah Ka jiƙan Almustafa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata masa kabari, Ka lulluɓe shi da rahamar da bayinKa suka yi masa rowa. Ina miƙa ta'aziyya ga danginmu na Kano, da yaran Inuwa, Allah Ya tsare su Ya ƙarfafa zukatansu, da yayata Hansai, Allah Ya ba ta dangana.

Almu, tun ranar Talatar nan uwarka ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Washegarin jana'iza da safe wayarta ta yi ƙara, saƙo daga lambar da ba ta sani ba, sai wani, sai wani. Ta miƙo mini in karanta mata. Duk abu ɗaya suka rubuta: "Mama, kin ci abinci?" Sai ta ce in ɗumama mata kunu.