Makullan Seu Genivaldo

A unguwarmu ta Nordeste, a nan Salvador, akwai abin da uwa ke koya wa ɗanta tun kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi: in ka gangara Pituba, unguwar masu kuɗi, kada ka yi gudu. Ko bas za ta tafi ta bar ka, ta tafi. Ko ruwa ake tsugawa, ka jiƙe. Masu gudu a Pituba su ne farare masu gajeren wando da agogon da ke gaya musu zuciyarsu na nan tana bugawa. Baƙin mutum kuwa in ya yi gudu a can, to wani abu ya ɗauko, ko da hannunsa wayam yake.

Seu Genivaldo, ɗan shekara hamsin da bakwai, ya riƙe wannan karatu tun ranar da ya shigo birni, kuma ya ci jarrabawarsa kullum. Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron tayar da ƙasa daga barci. Yana saurayi ya zo birni daga ƙauyen rake, ya yi aikin lebura a gine-ginen Pituba ɗin nan, wato ya ɗora musu siminti har hawa na ashirin, sannan da aka gama aka sa ƙofar ƙarfe aka ce masa daga yau sai da izini. Bayansa ya lalace, ya koma wankin mota. Wata rana wata mai gida ta ce ya ɗan zaga mata da karenta, kafin ka ce wani abu maƙwabciyarta ita ma ta ce a haɗa da nata. Haka ya zama mai yawo da karnukan masu kuɗi, shekara goma sha huɗu.

Kada ka raina aikin. Karnukan nan suna da likitansu, suna da mai yi musu aski, akwai wanda ake yi wa bikin ranar haihuwa da kek. Shi da kare duk ta lif ɗin baya na 'yan aiki suke hawa bene, amma karen ne ake gaisarwa da suna. Kuma in yana riƙe da igiyoyi biyar a hannu, babu ɗan sandan da ke tambayarsa daga ina, zuwa ina. Ya taɓa gaya mana a wurin aski cewa igiyar kare ta fi katin shaidarsa ƙarfi, domin shi katin, hotonsa ne a jiki.

Amma abin alfaharinsa na gaskiya shi ne makullai. Gida bakwai suka ba shi makullin ƙofar baya, saboda masu gidan suna fita aiki, shi zai shiga ya ɗauko kare, ya dawo da shi, ya zuba masa ruwa. Makullin nan shi ne aikin. In babu shi, kai wani baƙi ne kawai a bakin ƙofa. Kuma yana da ƙa'idarsa: ba ya rubuta lambar gida ko sunan titi a jikin makulli, don in ya faɗi kada ɓarawo ya tsinta ya san inda za shi. Sunan kare yake rubutawa a ɗan tsumma ya ɗaura. Lola. Pipoca. Nestor. Biscoito.

Matarsa Dona Zuleide, mai soya ƙosai a manja a tashar bas, ba ta taɓa barin maganar ta huta ba.

"Maigida na da gida bakwai, amma rufinmu na yoyo," takan ce. "Ka zaɓo mana ɗaya mu tare mana."

"Ke dai ci gaba da dariya. Amana ce wannan. Kin san mutum nawa a unguwar nan aka taɓa ba makullin Pituba?"

"Na san mutum nawa ke kwashe kashin kare da leda, kai kaɗai ne."

"Kashin nan ne ya kai 'yarki makarantar jinya."

"To a gaishe da shi."

Ranar da abin ya faru Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, ana saura kwana biyu bikin São João, bikin da ake ta wasan wuta. Ya riga ya mayar da sauran karnuka, saura Biscoito, wani ɗan farin kare mai gashi kamar auduga, na Dona Heloísa da ke hawa na tara. Dona Heloísa ce ta haɗa shi da yawancin gidajen, in ta ce a ba shi makulli ana ba shi. A makon nan ta saya wa karen sabon abin wuya mai duwatsu masu ƙyalli, ya yi masa yawa. Genivaldo ya gaya mata. Ta ce ai na waje ne, haka ake yayinsa.

Suna kusa da dandali sai wani ya kunna abin fashewa na biki a bayan wani gini. Ƙara ɗaya. Biscoito ya zabura, ya zare kansa daga abin wuyan kamar mai cire hula, ya miƙi titi ya nufi babbar hanya inda motoci ba su san birki ba.

Genivaldo ya tsaya da igiya a hannu, abin wuya na lilo a ƙarshenta babu kowa a ciki. Ya kira. Ya yi fito. Ya fara tafiya da sauri, irin tafiyar da muka ƙware a kai, wadda ƙafa ke sauri amma kafaɗa na nuna ba komai. Karen ya ƙara nisa. Ya tuna fuskar Dona Heloísa, ya tuna makullan da ke aljihunsa, sai dattijon nan ya kwasa da gudu.

Bai kai tsawon gida uku ba.

"Tsaya nan. Hannu a ka. Fuska a bango."

Motar sintiri ce ta sha gabansa. 'Yan sanda biyu. Babban saje ne mai tumbi, fatarsa jaja-jaja. Ƙaramin kuwa baƙi ne wuluk, ya fi Genivaldo baƙi, kuma shi ne ya fi ɗaga murya, shi ne ya sa ƙafa ya buɗe masa ƙafafu da shuri.

"Ina za ka da gudu haka, kawu? Gasar tsere aka sa?"

"Yallaɓai, kare ne ya kufce mini. Ga shi can, don Allah, zai shiga titi."

"Kare." Ƙaramin ya waiga ya dubi titi. Babu kare. "Ka ji, saje, kare ne. Jiya ma wani kare ne ya ɗauke wa wata mata waya a nan."

Suka lalube shi. Katin shaida, ledojin kwashe kashi, rabin burodi a takarda. Sannan hannun ƙaramin ya fito da zoben makullai, ya ɗaga shi sama yana kaɗawa kamar ya kamo kifi.

"To, to, to. Kawu mai gidaje ne ashe. Wannan na ina ne?"

"Na wurin aiki ne, yallaɓai."

"Wane wurin aiki? Wane ne Nestor? Wace ce Lola? Abokan harka?"

"Karnuka ne."

Sajen ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Karnuka masu makulli. Faɗi sunan mai gida ɗaya da lambar wayarsa, mu kira."

A nan ne Genivaldo ya yi kuskuren da sai irinmu ke yi. Lambar Dona Heloísa tana kansa kamar sunansa. Da ya faɗa, wataƙila cikin minti biyar an gama. Amma in an kira ta, za ta san Biscoito ya ɓace a hannunsa. Ga bindiga a bayansa, ga bango a hancinsa, amma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne muryar matar nan a waya. Sai ya yi tunanin in sun sake shi yanzu zai samo karen, ya mayar, babu wanda ya ji. Ya ce, "Yallaɓai, ku bar ni in kamo shi tukuna, na rantse zan dawo."

"Ka ji wani kuma. Zai dawo."

Suka sa masa ankwa suka zaunar da shi a bakin kwalbati, makullan a shimfiɗe kan bonet ɗin mota, a jere kamar kayan gwanjo. Minti arba'in yana zaune a rana. Duk tagogin Pituba suna da ido. Masu gadin da ya saba shan kofi da su suka ga abin duba a cikin littattafansu. Wata mata a baranda ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Shi kuwa wuyansa sai juyawa yake wajen babbar hanya duk sanda ya ji ƙarar birki.

Daga ƙarshe sajen ne ya lura da abin wuyan da ke ƙasa. A jikinsa akwai ɗan ƙarfe mai lambar waya. Ya kira, ya sa a lasifika.

"Ranki ya daɗe, 'yan sanda ne. Mun kama wani mutum da..."

"Biscoito fa? Ina Biscoito?"

Ta iso cikin minti goma da kayan motsa jiki, tana kuka tun daga mota. Kafin ta ƙaraso, mai sayar da ruwan kwakwa na kusurwa ya taho da karen a hammata, ashe tun ɗazu yana ƙarƙashin amalankensa yana karkarwa. Dona Heloísa ta rungume shi, ta sumbace shi, ta duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama ta ga mutumin da ke zaune a ƙasa da ankwa.

"Haba, ku sake shi mana. Wannan ai Geni ne. Kamar ɗan gida yake a wurinmu."

Nan take muryar sajen ta yi laushi kamar an shafa mata mai. "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, aikinmu ne kare ku. Shi ne ya ƙi magana." Ƙaramin ya kwance ankwar, ya zuba masa makullan a tafin hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai ma da girmanka, kawu. Ka san inda kake."

Da yamma unguwa ta cika a ƙofar gidansu. Dona Zuleide tana shafa masa man zafi a wuyan hannu tana faɗa.

"Lambar waya ce fa, lamba goma sha ɗaya kacal. Bakinka ciwo yake?"

"Da na faɗa, da ta san karen ya gudu."

"Yanzu ba ta sani ba ke nan? Da sun harbe ka fa, Genivaldo? In je in gaya wa 'yarka ubanki ya mutu yana rufa wa kare asiri?"

Ya ce dai Allah ya sa abin ya tsaya nan.

Bai tsaya ba. Hoton matar baranda ya riga ya zaga wayoyin masu gidaje, da rubutu a ƙasa: an kama wani da makullan gidajen unguwa, a kula. Babu wanda ya aika hoto na biyu da ke cewa an sake shi. Laraba mai Nestor ya ce za su yi tafiya, a bar makulli wurin mai gadi. Ba su yi tafiyar ba, an ga motarsu. Alhamis mai Lola ta ce ba wai ba ta yarda da shi ba ne, mijinta ne. Mai Pipoca ba ta ma yi magana ba, ya sa makulli ya ji an canza kwaɗo. Kwamitin wani gini ya kafa sabuwar doka a lif: daga yau sai masu yawo da kare na kamfani, masu riga iri ɗaya da kati a wuya. Mun ga na kamfanin daga baya, 'yan jami'a ne masu santsin gashi, suna tafe suna danna waya kare na jan su.

Haka sauran gidajen ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Saura Dona Heloísa. Ita ce ya sa wa rai, don in ta tsaya masa sauran za su iya dawowa. Ranar Litinin ya sa farar rigarsa ta coci ya gangara. Mai gadin ginin, Seu Ubirajara, abokinsa na shekara goma, bai buɗe ƙofar ƙarfen ba. Ta 'yar taga ya yi masa magana.

"Ɗan'uwa, ta ce kada ka wahalar da kanka hawa."

"Tana nan?"

"Tana nan. Ta ce Biscoito bai dawo daidai ba tun ranar, ba ya cin abinci, likita ya ce ya huta da fita. Ta ce ita ba ta riƙe ka da komai ba."

"Ita ce ba ta riƙe ni ba."

"Haka ta ce. Ga wannan ta ba da a ba ka." Ya turo wata babbar leda ta ƙarƙashin ƙofa. Tsofaffin rigunan mijinta ne, a goge, a ninke. "Kuma ta ce... ka gane dai. Makullin."

Genivaldo ya ciro zoben. Ɗaya ne ya rage a jiki. Farcensa ya yi ta fama da ƙarfen, ya ƙi buɗuwa, Ubirajara na kallon gefe. Da makullin ya fita ya miƙa shi ta tagar, da ɗan tsumman da sunan karen.

"Ka gaya mata abin wuyan ya yi masa yawa," ya ce. "A rage masa rami biyu."

"Zan faɗa."

"Ba za ka faɗa ba."

"Ina da 'ya'ya uku, Geni."

Ya bar ledar a inda take a bakin ƙofa, ya juya. Ubirajara ya kira shi sau biyu cewa ya manta kayansa, kada a ce shi ya riƙe. Genivaldo bai waiga ba. Ya hau tudu zuwa tashar bas inda Dona Zuleide ke fama da layin masu sayen ƙosai. Ta dube shi, ta dubi farar rigar, ba ta tambaye shi komai ba. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta ɗora masa robar jiƙaƙƙen wake a cinya.

"Cire rigar cocin tukuna," ta ce. "Manja ba ya fita."