Sandar Sitiyarin da Ta Kwana Ƙarƙashin Rumbu

Ranar wata Laraba a kakar 1998, ina tsakar gidanmu na Kucheri ina taya Inna ɓarar gyaɗa, Baba ya shigo da wani dogon ƙarfe naɗe cikin buhu a kafaɗarsa. Ya warware shi a gabanmu yana murmushi. Sandar sitiyari ce, ta gwanjo amma lafiyayya, har Sabon Garin Gusau ya je ya sayo wa akori-kurarsa. Inna ta ajiye ƙwarya ta yi hamdala, don wata uku ke nan ba ta da kwanciyar hankali duk ranar da motar ta fita. Sandar da ke jikin motar ta cinye. Sai Baba ya murza sitiyari kusan rabi kafin tayoyi su amsa, in aka faɗa rami kuwa sai ka ji ƙwas-ƙwas daga wajen ƙafarsa.

Ni na fi kowa sanin wannan ƙara, don ni ce 'yar gaban mota. Duk ranar da babu makaranta, in Baba zai shiga Tsafe da lodi, ni ke bin sa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗan Inna in kai wa gwaggona mai sayarwa. Shekarata goma sha ɗaya lokacin, ina aji biyar, kuma ban da abin taƙama a duniya sai ƙafafuna. Ko a 'yar gala-gala ko a tsere zuwa rijiya, babu yarinyar da ke ganin ƙeyata, mazan ma sai su ce ƙaya ta soke su. Barewa ake kirana. Malaminmu ya riga ya zaɓe ni in je Gusau in yi wa makarantarmu gudu a ƙarshen zango, kullum da yamma ina zagaya gonar dawarmu babu takalmi.

Washegari Baba ya kai sandar wurin Malam Bawa, tsohon bakaniken da ke aiki ƙarƙashin dalbejiya a bakin titi. Shi ya ɗauki Baba tun yana karen mota ya koya masa tuƙi, shi kuma ya shige masa gaba wajen neman auren Inna. Baba ko sunansa ba ya faɗa, Maigida yake ce masa. Ashe tsohon ya ji haushin an sayo kaya ba a shawarce shi ba. Ya dubi sandar a wulaƙance, ya ture ta da ƙafa, ya ce, "Wagga mota ni nar raine ta. Mai da ƙarhen ga gida, na jikinta da sauran kwanansa." Ya yanko robar tsohon tub ya cusa inda sandar ke lilo, ya sa aka ɗiga walda a mahaɗar ƙasa inda ta tsage, ya ce an gama. Baba ya durƙusa ya yi godiya.

Har yau in na tuna godiyar nan sai zuciyata ta tafasa. Sandar ta dawo gida, aka tura ta ƙarƙashin rumbu, kaza ta yi ƙwai kusa da ita, ƙannena suna jawo ta suna wasan mota. Inna ta yi magiya, ta yi fushi, ta ce ya lallaɓa Gusau a sa masa ba tare da kowa ya sani ba. Baba dai maganarsa ɗaya ce: "In ya ji hannun wani ya taɓa motag ga, da wane ido zan dube shi?" Mutumin da ke iya yi wa fasinja goma tsawa su yi tsit ya kasa ce wa tsoho guda aikinka bai yi ba. A garinmu wannan shi ake kira kara, har yabon mutum ake yi a kansa.

Mako uku waldar ta yi. Wata Asabar da hantsi mun ɗauko buhunan dawa, muna gangarawa wata kwana gab da kwalbati, sai na ga sitiyarin yana juyawa a hannun Baba kamar faifai, motar kuwa ta miƙe abinta. Na ji salatinsa, na ga ɗorawa tana tahowa ta gefena. Da na farfaɗo, ƙofa ta danne mini ƙafar dama, man gyaɗan Inna ya jiƙe mini zane. Baba ko ƙwarzane bai yi ba.

Wata biyu na yi kwance wurin mai ɗori a Bungudu. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta. Wata yarinya da nake ba wa rata in wuce ta ita ta je Gusau. Masu zuwa dubiya kowa bakinsa ɗaya, wai "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Ni kuwa na san inda tsautsayin ya kwana, ƙarƙashin rumbunmu ne, kusa da kaza. Da Malam Bawa ya zo da lemo a leda, Baba ya shimfiɗa masa tabarma ya ce masa ƙaddara ce. Na juya fuskata bango, na ƙi gaishe shi, aka ce ba ni da kunya.

Da aka gyara gaban motar, shi dai tsohon ne ya aiko a kai masa sandar. Ƙanena ya ce da hantsi aka fara kwance tsohuwar, kafin a kira azahar an ɗaure sabuwar, har Baba ya zagaya gari da ita.

Yanzu Baba da Malam Bawa duk sun riga mu gidan gaskiya, akori-kurar ma an daɗe da sayar da ita ga masu awon ƙarfe. Ina kewar gaban motar nan da warin fetur da gyaɗa, ina kewar Baba da ke waigowa ya jira ni a hanya, ba ya iya duban ƙafata. Na yafe masa tuntuni. Amma duk sanda na ga 'yata tana tsere a filin makaranta, sai in tuna aikin bai kai azahar ba.